Shekarar Da Na Gina Aji Da Ɗanyen Kara

Na ji abin da kunka faɗa jiya a bakin kasuwa, kada ku zaci kunnena ya zube tare da haƙorana. Kun ce bana ku samari za ku tada wa lakwal, makarantar bokon nan tamu, azuzuwanta, tsoho Tankari ya koma gefe ya huta, wai ai ba wani aiki ba ne, kara ne da igiya. To madalla, ban ƙi ba. Bayana ya daɗe yana roƙon hutu. Sai dai tunda an sake fara zancen za a gajarta dogon hutu a buɗe lakwal da wuri, ku gyara zama in ba ku labarin aikin, da labarin wautar da na tafka a cikinsa. In za ku yi taku wautar, ku nemi sabuwa, wannan na riga ku.

Lakwal ɗin ƙauyenmu ba ta taɓa samun gini ba, kun fi ni sani tunda cikinta kunka zauna. Rumfuna uku ne na kara, kowace shekara a tada su, kowace shekara su faɗi. Saboda haka kalanda biyu gare mu. Akwai ta takarda, wadda ke zuwa daga sama, ta ce a buɗe farkon watan goma, a rufe ƙarshen watan shida. Akwai kuma ta kara. Ita wannan ba ta yarda a buɗe aji sai an yanke hatsi, an ɗebe wake, kara ya bushe an sare shi. Ranar da hadarin farko kuwa ya taso daga gabas da iskarsa, ranar anka tashi, ko direkta ya so ko bai so ba. Yaran birni hutunsu wata uku, namu yakan kai biyar, wata shekara har ya ɗara. Shekara talatin da wani abu ina tsaye tsakanin kalandun nan biyu, kowace na jan rigata.

Aji na farko da na sa wa hannu a ƙarƙashin Kawu Bagudu ne, ƙanin uwata, mai yin rumbu da darni, wato dangar kara. Shi Kawu ba ya koyarwa da baki. Ka gama ɗauri sai ya zo ya kama da hannu guda ya girgiza. In ya motsa, ya juya ya tafi ba tare da ya dube ka ba, kai ka san abin da ya rage maka. Wata uku na yi ban taɓa kara ba, ramin kafa itace kawai nake haƙa da dagi, kowane sai hannuna ya nutse ya wuce gwiwa. Rannan na ci karo da ƙasa mai tsauri, na haƙa na haƙa ta ƙi. Na duba hagu na duba dama, na ɗauki gatari na rage wa itacen ƙafa, na kafa shi cikin ɗan guntun ramin na tattake. Daga nesa ba ka bambanta shi da 'yan'uwansa. Da azahar Kawu ya zo ya jingina da shi zai ɓare goro, shi da itacen da goron sunka tafi ƙasa gaba ɗaya. Bai doke ni ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce in tumɓuke sauran goma sha ɗayan in sake haƙawa, tunda bai san wanne ne kuma maƙaryaci ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Dagi, gatari, wuƙa mai kaifi, igiyar kaba. Sai dirkoki, itatuwan nan masu baki biyu da ke ɗaukar rufi. Da can na kirya muke samu, gara ta lasa ta tofar. Yanzu kirya ta zama labari, sai dogon yaro, shi kuwa dole ka babbake gindinsa a wuta ka zuba toka cikin ramin, in ba haka ba kafin tsakiyar rani gara ta gama da shi tana jiran ƙari. Tsumagun sabara su ne tanka, su ke riƙe karan bango ciki da waje. Bayan aji ya kalli gabas, don daga can iska da ruwa ke zuwa. Tsakanin bango da rufi ka bar taki guda, haske ya shiga yara su ga allo, zafi ya sami wurin fita. Amma kan aikin duka yana ga igiya. Kaba jiƙa ta ake yi ta kwana a ruwa, ka ɗaure busasshen kara da ita tana da laushi. In ta bushe sai ta tsuke ta kama shi kam, ko akuya ta ja ba ya zarewa. Igiya jiƙaƙƙiya, kara busasshe. Darasi ɗaya ke nan da Kawu ya taɓa koya mini da baki, kuma ya faɗe shi ya fi sau ɗari.

Akwai ajin da na gina shekarar da na fara cin gashin kaina. Na auna ƙofa da tsawona, na ƙara ɗan yatsa huɗu don mutunci. Ku dube ni da kyau, ko da ƙuruciya ban fi haka ba. Sai anka turo mana wani mushe, wato malamin lakwal, Bazabarme, mutum kamar an ja shi da igiya. Shekara guda cur yana shiga aji a duƙe, yana fita a duƙe, ranar da ya mance kuwa tanka ta tuna masa a goshi. Da zai bar garin ya zo ya yi mini sallama, ya ce, "Tankari, na gode. Gidanmu ba a koya mini ladabi kamar yadda ka koya mini ba." Tun daga ranar ba na kafa dirka sai na tambayi direkta tsawon wanda ke zuwa.

To, mu zo ga shekarar da nake son ba ku labari. Damina ta yi kyau, hatsi ya rufe gari, sai ga direktanmu na lokacin, Mushe Isa, ya dawo daga hutu tun kafin lokacinsa da takarda a aljihu. Ya sa anka tara iyayen yara a gindin tsamiyar lakwal.

"An rage hutu," in ji shi. "Tsakiyar watan tara za a buɗe. Kuma insifekta ya ce da kansa zai zagayo. Lakwal ɗin da ya tarar babu aji a tsaye, za a kwashe malamanta a kai inda ke da gini."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Mushe, shi mai rubuta takardar nan ya taɓa ganin maiwa a tsaye?"

Anka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya san wadda za a fara ɗaukewa. Madam Marta ce, malamar 'yan aji shida, Kirista 'yar Dogon Dutsi. Kafin ita, malamai kan zo mana su yi wata huɗu su tsere. Ita shekararta uku ke nan, kuma a hannunta yaran garinmu sunka fara cin jarrabawa suna wucewa gaba. Mata sun yarda da ita har sunka daina cire 'yan mata daga aji. Ƙauyen da ke gaba da mu kuwa an yi musu sabon aji na siminti babu malami a ciki, idonsu na kanta tun bara. In ta tafi, aji shida ya mutu a garinmu, babu mai barin ɗiyarsa ta taka wannan nisa kullum. Ɗiyata Hajo tana cikin ajin a shekarar, kuma Madam ta sha gaya mini kanta na ja.

Madam ta ce, "Ni ko gindin tsamiyar nan ne zan iya koyarwa, kafin kara ya samu."

"Takarda ta ce aji, ba ta ce inuwa ba," in ji Mushe Isa. "Ko guda ɗaya ne ya tsaya, na 'yan aji shida, zan sami abin nuna masa."

Sai jama'a duka sunka juyo suna kallona. Ban sani ba ko kun san abin da kallon taro ke yi wa gajeren mutum. Na ji na ƙara tsawo. Na miƙe na gyara hula, na ce, "Ku ba ni kwana goma."

"Da wane kara, Tankari?" in ji tsohon nan.

"Wannan ni ta shafa."

Mata sunka yi guɗa, Mushe Isa ya kama hannuna da hannu biyu. Na taho gida ina taku ɗai-ɗai, kuma wallahi babu ko sili ɗaya na dabara a kaina.

Kwana huɗu na yi ina yawon neman kara. Na bi gida-gida ina leƙen tsofaffin darni, duk damina ta ruɓar da su, ka taɓa su narke a hannu. Wata gwauruwa ta same ni ina jan na bayan ɗakinta, ta biyo ni da muciya har bakin masallaci. Na je kasuwar Kore Mairuwa neman tsofaffin zana, na tarar da guda uku, kowace da ramin da ɗan maraƙi zai wuce. Gamba ba ta ƙosa ba balle a saƙa sabuwa. Na roƙi masu geron da ya fara nuna su bar ni in sari kara, kowa ya ce wake na ƙarƙashi yana fure, ko ɗan'uwansa ba ya bari ya taka masa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da mai hankali ne abin da zan ce ke nan.

Gonata ta maiwa tana nan bayan lakwal, inda kuke wasan ƙwallo yanzu da rani. Ina da wata 'yar gonar gero a tudu, amma ita ba ta kai mu ko'ina. Maiwar nan ita ke riƙe gidana har a ga sabon hatsi. A shekarar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, kara kamar damtsen yaro, tsawo ya wuce mushen nan Bazabarme. Ta fitar da kai tana bununi, saura wata guda da 'yan kwanaki ta nuna. Safiya ta biyar na tsaya bakinta ina kallo. Manomi in ya kalli irin wannan gona hatsi yake gani. Ni bango na gani, da rufi.

Da hantsi uwar Hajo ta kawo mini fura, ta tarar na share wuri ya kai faɗin masussuka. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Maigida, me kake yi?"

"Aji nake yanka."

"Aji za mu ci da bazara?"

"Gefen nan kawai zan taɓa, ke dai ki sa ido."

Ta dubi karan da ke kwance, ta dube ni, ta ce, "In ka gama ka rage mini ƙofa guda in dafa wa yara." Ta juya ta tafi, ko ƙwaryar ba ta jira ba.

Gefe guda bai isa ba. Ɗanyen kara in ka sheme ganyensa sai ka ga ba shi da auki, ka jera ka jera bango na nan da giɓi. Na ƙara gaba, na sake ƙarawa. Kafin rufi ya rufu na kwantar da fiye da rabin gonar. Wata tsohuwa 'yar bori da ke wucewa da itace ta tsaya ta ce doguwar gona ba ta yafe wuƙar da ta riga lokaci. Na ce ta gaya wa doguwar ta je ta yi magana da insifekta. Maganar Kawu kuwa tana kunnena duk lokacin da na ja igiya. Na san ɗanyen kara zai rame, igiya ta saki. Na sani sarai. Sai na ce wa kaina zan ɗaure sau biyu, kamar kara zai ji tsoron ƙulli.

Ranar buɗewa, kai, ku bar ni in yabi kaina sau ɗaya. Ba a taɓa ganin aji irinsa ba a ƙasar Arewa. Kore shar, yana ƙyalli, ƙamshin gona na tashi. Har daga ƙauyen masu siminti anka zo kallo. Na saka rigata ta Juma'a na tsaya a gefe, ina yi kamar akwai ƙullin da nake dubawa. Yara bakwai ne sunka zo, sauran suna gona, masu korar tsuntsu da masu tsinkar wake, don takarda ta rage hutu amma ba ta rage aikin kaka ba. Hajo na layin gaba da allonta. Madam ta shiga ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Baba Tankari, ban taɓa koyarwa a cikin gona ba sai yau." Munka jira insifekta har rana ta karkata. Bai zo ba.

Kwana uku ajin ya fara zafi daga ciki, yana wani tsami kamar ƙullun da ya kwana biyu. Kwana biyar kara ya fara ramewa yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Yara sunka ce bango na magana, biyu daga cikinsu iyayensu sunka hana su zuwa don kada iska ta shige su. Igiyoyin da na ɗaure sau biyu sunka koma suna lilo kamar awarwaro a hannun majinyaci. Kowace safiya in zo in ƙara tsukewa, kafin la'asar sun sake saki. Sai akuyar mai gari ta tsinke turke. Dabba ta yi wata uku a ɗaure tana cin abin da anka jefa mata, ta buɗe ido ta ga an gina mata ɗaki da abinci. Ana tsakiyar lissafi sai ga kanta ya ɓullo ta gefen allo tana tauna, tana kallon yara ɗaya bayan ɗaya. Madam ta kore ta da littafi ta ci gaba. Matar nan ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙorafi ba, kullum ta kira suna, ta rubuta ranar, ta koyar da wanda ya zo. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Ruwan ƙarshe na shekarar ya sauka ranar wata Lahadi da la'asar. Madam ta tafi Dutsi coci, babu yaro ko ɗaya a ciki, kuma wannan har gobe ina gode wa Allah a kansa. Ina tsaye cikin guntun maiwar da ta rage ina kallo. Rufin da ma ɗanye ne mai nauyi, ya sha ruwa ya ƙara, ƙasa ta yi laushi a gindin dirkoki. Bai faɗi da ƙara ba. A hankali ya durƙusa ta gaba, sannan ta baya, yadda raƙumi ke gurfana. Kwanansa goma sha tara a duniya. Washegari Madam ta sa yara sunka ja allo zuwa gindin tsamiya, inda ta ce tun farko, ta ci gaba da karatunta.

Da anka gama kaka, kara ya bushe ya cika gari har ana takawa. Kowa ya kawo nasa dami, kuma kowa da abin da zai faɗa. "Tankari, wannan ya nuna fa, ko in koma in nemo maka ɗanye?" Wani ya ce in gina wa akuyarsa ɗaki biyu da zaure. Na haɗiye, na tada rumfuna uku cikin mako biyu, a daidai lokacin da nake tada su kowace shekara.

Bayan nan ne insifekta ya iso. Ruwa ya yanke hanyar fadama, motarsa ba ta iya ratsowa sai da ƙasa ta bushe. Mutum ne mai fara'a, bai kuma daɗe ba, zamansa bai fi na shan shayi ba. Ya leƙa aji shida, ya ga yara cike, ya tambayi mai ginin. Anka nuna ni, ya ce aiki ya yi kyau. Ya ɗora takarda bisa motar zai sa hannu, Mushe Isa ya fara ba shi labarin yadda munka buɗe tun watan tara da ɗanyen kara. Ya ɗago kai.

"Watan tara? Ai an sake duba maganar tun tuni. Ƙauyuka masu rumfa an ɗaga musu ƙafa sai bayan girbi. Takarda ta biyu ba ta iso muku ba?"

Mushe Isa ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Takardar tana can kwance a wani wuri tana jiran mai zuwa wajenmu. Madam Marta dai ta zauna, babu wanda ya taɓa ta, kuma da ban yanki ko kara ɗaya ba haka za ta zauna. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, amma murna ba ta mayar da maiwa gona. Shekara ta gaba anka mayar da hutu yadda yake. Don haka in takarda ta zo muku bana, ku ce a jira ta biyu, kuma kada wanda ya miƙe tsaye a taro.

Rumbu ba ya karanta takarda, ta farko ko ta biyu. Abin da na samu daga guntun maiwar da geron tudu munka lallaɓa shi, uwar Hajo tana awo da ƙaramin ƙoƙo. Duk da haka zafi na fara tsananta na leƙa na ga ƙasan rumbu. Ina da ƙanwa a Dogon Dutsi, Ladi, mai sayar da tuwo a tasha. Ta aiko cewa in ba ta Hajo ta taya ta aiki, ta ci ta sha a can, za ta kuma nema mata wuri a lakwal ɗin birni. Baki ɗaya ya ragu a gida ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan lokaci. Na ce to.

Madam ta ji. Ta zo gidana da la'asar, ta tsaya a zaure da allin hannunta ko wankewa ba ta yi ba.

"Baba, na ji za ka kai Hajo Dutsi."

"Wata biyu ne, Madam. Kafin jarrabawa ta dawo."

"Saura wata uku jarrabawar. Yanzu ne karatun yake. Ka bar mini ita a ɗakina. Ni kaɗai ce, kullum sai tukunyata ta yi saura."

Uwar Hajo daga bayan darni ta ce, "Maigida, ka bar mata ita."

Kun ga, nan ne wurin da ya kamata in yi shiru in ce na gode. Yankan maiwa wauta ce, amma wauta ce ta mai son abu ya gyaru. Wannan ta biyun ba ta da wani uzuri. Tun kaka ake dariyata a garin nan, yara na ganina su yi kukan akuya. Sai na hango majalisar bakin kasuwa an ƙara sabon zance, wai mai gina lakwal ya ciyar da akuya gonarsa, yanzu malama ke ciyar masa da ɗiya. Na ji ba zan iya ɗauka ba.

Na ce, "Madam, ke dai karatu ne naki. Ciyarwa tawa ce."

Ta ce, "To, Baba," ta tafi.

Ranar tafiya Hajo ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni kawai ko za ta iya tafiya da littafin lissafinta, na ce ta ɗauka. Ladi ba ta cuce ta ba, kada ku ɗora mata. Sayar da tuwo a tasha daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, lakwal ɗin birni kuma sun nemi wata takarda da ban san da ita ba balle in kai. Wata biyu sunka cika, na ce mako mai zuwa. Ruwan shuka ya sauka, rumbu fayau, na sake cewa mako mai zuwa. Hajo ba ta sake zama a aji ba. Ku da ke zuwa Dutsi kun ci tuwonta, ita ke riƙe da wurin yanzu tun da Ladi ta tsufa. Rumfar da kuke zama ciki ni na gina mata.

Jarrabawa a Dumega ake yinta, kuma kowace shekara ni ke kai yaran da amalanken jakina. Da safe na ɗaura, na tsaya inda ajin yake a da, don hadarin farko ya riga ya kwantar da shi mako biyu da sunka wuce. Yara sun yi wanka, kowa da alƙalami biyu a hannu, iyaye mata na tura musu ƙuli-ƙuli a aljihu. Madam ta tsaya da takardar sunaye, ta kira ɗaya ya amsa ya hau, ta kira na gaba. Tana cikin kira sai na ji ta ce, "Hajo Tankari."

Yaran da ke bisa amalanke sunka sunkuyar da kai. Akwai ɗan wuri a gefen gaba, kusa da inda nake zama, babu wanda ya zauna.

Na ce, "Ba ta nan, Madam."

"Na sani, Baba," in ji ta, idonta na kan takardar. "Ban dai iya tsallake sunan ba."

Ta kira sauran, ta hau ta zauna a baya. Na ɗaga sanda na tsula wa jaki, shi da bai yi komai ba, munka kama hanyar Dumega.